Wayar Da Ta Kusa Fasa Aure

   

Yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba kamar yadda na saba. Babu kishiya a ciki, babu Alhaji mai naira, babu saurayin da ya dawo daga Ingila. Abin da ya faru da ni ne ni kaina, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗarsa saboda ni ma ina da nawa laifin a ciki. Umma ce ta ce da ni, tunda na iya zama in rubuta laifin mutanen da ban taɓa gani ba har littafi uku, to in daure in rubuta nawa ko da shafi biyu ne. Shi ne na ce to.

Kun san manyanmu marubuta irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Hajiya Bilkisu Funtuwa da biro da takarda suka yi suna, a kai maɗaba'a a buga, a baza a kasuwa. Mu kuwa 'yan yanzu waya ce takardarmu, ita ce kuma rumfarmu. Ni tun da na gama sakandare ban samu halin ci gaba ba, sai na kama rubutu. A waya nake rubutawa, a zauren WhatsApp nake tura wa masu karatu babi-babi, ta nan kuma suke biyan ɗan abin da ya sawwaƙa. To tsohuwar wayar tawa ta gaji. Sikirin ɗinta ya tsage kamar saƙar gizo-gizo, caji kuwa ba ta ɗauka sai na ɗaure bakin cajar da kyauro na jingine ta da filo. Sabuwa kuma ta fi ƙarfina, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin waya ya bi ta suka tafi.

Muna da adashe mu 10 a unguwa, kowa naira 15,000 a wata, sai kwasata ta faɗo cikin azumin 2024. Umma ta san da kuɗin. Shawararta ita ce in sayi keken ɗinki na hannu, ko in fara tara kayan ɗaki tunda ni ba yarinya ba ce. Na ce mata to, amma Allah Ya sani zuciyata tana kan waya. Wannan "to" ɗin da na ce alhali ba ita ce a raina ba, ita ce mafarin duk abin da ya biyo baya.

Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki ina duba wani dandalin saye da sayarwa a Facebook sai na ci karo da ita. Baƙa ce siririya, tana sheƙi a kan kwalinta. An rubuta a ƙasa wai 'yar Landan ce, tsaf take, ba a taɓa kwance ta ba. Na ɗauki lambar na yi masa magana ta WhatsApp. Kai, 'yan uwa, yaron nan akwai ladabi! Daga "Hajiya" sai "ranki ya daɗe". Ya yi kuɗi naira 150,000, muka yi ta ja har muka tsaya a 135,000. Da na nuna ɗar-ɗar sai ya turo mini saƙon murya yana cewa, "Wallahi Hajiya ko noti ɗaya ba a taɓa kwancewa a jikinta ba. In kin ga wata matsala cikin sati ɗaya ki dawo mini da ita ki karɓi kuɗinki."

Na tura wa aminiyata saƙon don ta ji ta ba ni shawara. Ta ce, "Ke dai ki bari gobe mu je Farm Centre da Yayanki, ki gani da idonki ki taɓa da hannunki." Na ce, "Ke ba ki gane ba ne, irinta a can sai an ɗora mini wajen dubu talatin. Kuma in Yaya ya ji, Umma ta ji." Ta ce, "To ai shi ke nan, araha dai ba ta ado."

A daren na tura masa kuɗin. Washegari da hantsi wani yaro ya kawo mini ita a leda, na ba shi naira 2,000 na aike, na tsaya a soro na karɓa don kada a gani. Na lura da wata 'yar alama kamar agogo a jikin hirarmu da mai wayar, amma ban damu in san ta mece ce ba. Ashe ya kunna tsarin nan ne da saƙonni ke gogewa da kansu bayan awa 24.

Kwana biyu na yi ina amarci da waya. In shiga ɗaki in rufe ƙofa in yi ta shafa ta, na rubuta babi biyu a dare ɗaya don daɗi. A rana ta uku, da zafin nan na watan Afrilu ya buɗe, sai ta fara nuna hali. Ina rubutu sai ta riƙa danna haruffa da kanta kamar mai aljanu. Caji yana kan 40 sai ta ɗauke ɗif. Bayanta kuwa ya yi zafi, ka ce an sauke tukunya. Gabana ya faɗi, amma na yi ta lallashin kaina cewa zafin gari ne.

Rana ta huɗu na kira shi. Ya ce in kashe in kunna. Rana ta biyar ya ce yana kan hanya daga tafiya, in bari ya dawo. Rana ta shida na kasa haƙuri, na ce da Umma za ni gidan aminiyata, muka hau A Daidaita Sahu sai Farm Centre, wurin wani mai gyara da yake yi wa gidansu aiki.

Mutumin nan bai yi wata doguwar magana ba. Ya fara danna *#06# a wayar, wasu lambobi 15 suka fito, ya ce wannan ita ce IMEI, kowace waya da tata kamar lambar mota. Ya ɗauki kwalin ya duba lambar da ke jiki, ya girgiza kai ya ce, "Ƙanwata, wannan kwalin ba nata ba ne." Sannan ya nemi izinina ya buɗe ta. Ya nuna mini sikirin ɗin, ya ce canji ne, kuma mai arha aka manna da gam. Ya nuna mini batir ya kumbura kamar fanke. Ya nuna mini wata 'yar takarda ƙarama a ciki, ya ce asalinta fara ce, in ruwa ya taɓa ta sai ta koma ja. Ja ce jawur. A gefen injin kuma ga wani kore-kore da ya ce tsatsa ce, kuma tsohuwa ce, ba ta kwana shida ba.

Jikina ya yi sanyi. A nan bakin rumfar na kira mai wayar na faɗa masa duk abin da aka gani. Ladabin nan duk ya bi iska. Ya ce, "Malama, lafiya lau na ba ki waya. Ke kika jefa ta a ruwa, kuma kin kai an buɗe, ni ba na karɓar wayar da aka buɗe." Na ce, "Ba kai ka ce in dawo da ita cikin sati ɗaya ba?" Ya ce, "Yaushe? Nuna mini." Na duba hirarmu, wayam, babu ko harafi ɗaya. Kafin in isa gida ya toshe lambata.

Daren nan ban runtsa ba. Wata goma ina zubi, ina hana kaina man shafawa mai kyau da ɗinkin Sallah, ga shi sun tafi a kwana shida. Ga masu karatu sun biya suna jiran babi. Ga Umma a ɗaya ɗakin tana barci da tunanin kuɗina suna nan a ajiye. Abin da ya kamata in yi shi ne in tashe ta in faɗa mata, ta yi faɗanta ta gama. Amma kunya da tsoro suka hana ni, sai Shaiɗan ya kawo mini wata dabara.

Na koma tsohuwar wayata mai kyauro, na shiga Facebook na ɗauko hotonsa, na saka a zauren masu karatuna, mata sun haura 600 a ciki. Na zauna na tsara rubutu irin na marubuta. Na kira shi ɓarawo, na kira shi ɗan damfara. Na ce ya daɗe yana cutar 'yan mata marayu, na ce duk wadda ta san shi ta yi nesa da shi, na roƙi kowa ta yaɗa. Wallahi 'yan uwa ban san ko ya taɓa cutar wata ba bayan ni, kawai hannuna ne ya saba da ƙara gishiri. Kafin gari ya waye an yi ta tofin Allah tsine, an kwashi rubutun an kai wasu zaurukan. Na ji sanyi a raina, na ce yanzu zai gane ya taɓo 'yar jarida.

Bayan Magariba wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar yarinya ce ƙarama, tana kuka har numfashinta na sarƙewa. Ta ce, "Anti, ni mai karanta littattafanki ce, ina cikin zaurenki. Wanda kika saka hotonsa shi zan aura, an sa mana rana. Matar yayana ta nuna wa Babanmu, ya ce a dakatar da komai, shi ba zai ba ɓarawo 'yarsa ba. Anti don Allah da gaske ne ya daɗe yana cutar mutane? In gaskiya ne ki faɗa mini in haƙura."

Na rasa bakin magana. Ni da na rubuta rabuwar masoya ya fi sau goma ina jin daɗin yadda masu karatu ke kuka, yau ga ta gaske a kunnena, kuma da hannuna na haɗa ta. Na ce, "Ƙanwata, ni dai abin da ya yi mini na sani." Ta ce, "To me ya sa kika ce ya daɗe?" Na yi shiru kamar ruwa ya ci ni.

Ina ajiye wayar na ɗaga kai, sai ga Umma tsaye a bakin ƙofa da carbi a hannu. Ta ji komai. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Faɗa mini tun daga farko, kada ki rage, kada kuma ki ƙara, don na san halinki." Na faɗa mata ina kuka. Da na gama ta yi salati ta ce, "Kuɗin ba su dame ni ba kamar ɓoyon. Da kin faɗa mini tun ranar farko ai da Yayanki ya raka ki. Da kin faɗa mini ranar da ta lalace ai da manya sun shiga. Kin ɓoye wa mutum uku na gidanku, kin je kin faɗa wa mutum ɗari shida. Yanzu ga shi kin ɗauko hakkin 'yar mutane kin ɗora a kan naki."

Tun rasuwar Baba, Kawu ne ƙaninsa yake tsaya mana a kan komai. Da sassafe Umma ta aika aka kira shi. Na durƙusa na gaishe shi, ko kallona bai yi ba sai da ya gama jin bayani. Sannan ya ce, "Me kike da shi a hannu? Ba kuka nake tambaya ba, shaida." Na kawo rasit ɗin banki mai ɗauke da sunan asusun da na tura wa kuɗi, da rana da lokaci. Na kawo wayar da kwalinta. Na ce hirarmu kam ta goge. Sai aminiyata da ta zo tun da safe ta ce, "Kawu, saƙon muryarsa yana wurina, ta turo mini tun ranar." Ashe saƙon da aka tura wa wani ba ya bin na asali ya goge. Aka kunna, ga muryarsa tar, yana rantsuwa yana ba da sati ɗaya. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "To yanzu muna da magana."

Yaya ya ce a kai shi wurin 'yan sanda kawai. Kawu ya ce, "A'a. Hukuma tana nan ba inda za ta, in sulhu ya ƙi sai a je. Amma wanda yake da maigida ba a fara kai shi gaban hukuma ba a gaya wa maigidansa ba. Kuma ku tuna mu ma ɗin muna da abin da za a tuhume mu da shi, ɓata suna ba wasa ba ne." Ya sa na goge rubutun a gabansa. Yarinyar nan ce ta faɗa mana shagon da yake aiki, na wani dattijo mai sayar da wayoyi da kayansu. Kawu ya je shi kaɗai ya gaisa da dattijon, suka sa rana.

Ranar muka je bayan La'asar, ni da Kawu da Yaya da mai gyaran nan, wanda Allah Ya saka masa da alheri ya rufe rumfarsa ya biyo mu. Aka shimfiɗa tabarma a bayan shagon. Sai ga mai wayar ya shigo. Na zaci zan ga wani ƙato mai jajayen idanu, sai na ga ɗan saurayi siriri, bai fi sa'an Yaya ba, idonsa ya faɗa kamar wanda ya yi jinya. Ya harare ni, na harare shi.

Kawu ya fara da cewa, "Alhaji, ba rigima ta kawo mu ba. 'Yarmu ta yi ciniki da ɗanka, an samu saɓani, muka ce kai uba ne, mu kawo maka." Alhajin ya ce kowa ya faɗi nasa, kada wani ya katse wani. Na faɗi nawa. Shi ma ya faɗi nasa, ya tsaya a kan ni na jiƙa ta, kuma shi bai yi alkawarin komai ba. Kawu bai ce masa ƙarya yake ba, sai kawai ya ce da Yaya, "Kunna." Muryarsa ta cika wurin. Ya sunkuyar da kai. Mai gyara ya buɗe wayar ya miƙa wa Alhajin, shi kuwa da yake sana'arsa ce, kallo ɗaya ya yi wa tsatsar ya ce, "Wannan ta fi wata shida." Ya gwada lambar kwali da ta waya, ya ajiye ya dubi yaronsa ya ce, "Ramin ƙarya ƙurarre ne. Faɗi gaskiya tun ina jin tausayinka."

Nan ya fashe. Ya ce wayoyi biyar ya sara a hannun wani mai kawo kaya daga Legas, ba da sanin Alhaji ba, don ya samu ya cika kuɗin lefe. Ya ce shi bai buɗe ko ɗaya ba, bai san abin da ke ciki ba. Alhaji ya ce, "To da ba ka sani ba, me ya kai ka rantsuwa ba a taɓa kwance ta ba?" Ya ce, "Haka kowa yake faɗa, Alhaji." Ya ce da na kira shi ya riga ya zuba kuɗin a akwatuna, tsoro ya kama shi, shi ya sa ya toshe ni.

Kawu, wanda ya yi karatun zaure, ya ce hukuncin a fili yake a babin ciniki na Risala da muke karantawa a Islamiyya: wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da ba a nuna masa ba, yana da zaɓi, ko ya riƙe haka nan ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ya ce buɗewar da aka yi don a gano aibin ne, ba ita ta kawo shi ba, kuma yarinya ta yi magana tun kafin satin ya cika. Alhaji ya ce haka ne. Ya zaro naira 85,000 daga aljihunsa ya ba Kawu, ya ce zai cire a haƙƙin yaron, ragowar 50,000 kuma ƙarshen wata. Aka rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, har da mai gyara a matsayin shaida. Na buɗe baki zan yi maganar kuɗin aike da na duba waya, Kawu ya kalle ni, na rufe.

Na fara gyara mayafi ina murna an gama, sai Alhajin ya juyo gare ni ya ce, "'Yata, saura naki. Yaron nan ya yi miki ƙarya, ya guje miki, an kuma hukunta shi a gabanki. Amma kin ce ya daɗe yana cutar marayu. Shekararsa bakwai a hannuna. Kawo mini marainiya ɗaya bayan ke, yau in sallame shi." Na ce babu. Ya ce, "Kin ce ɓarawo ne. Gidan wa ya haura?" Na ce babu. Ya ce, "To shi ya sayar miki da waya da maganar da bai tabbatar ba, ke kuma kin sayar da mutuncinsa da maganar da ba ki tabbatar ba. Nasa na biya da kuɗi. Naki da me za ki biya?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu bai kare ni ba ko da kalma ɗaya. Aka yanke cewa a inda na yi ɓarnar a nan zan gyara. A daren na rubuta a zauren cewa mun yi sulhu, ya amsa kuskurensa ya mayar da kuɗi, maganar da na yi cewa ya saba cutar mutane kuwa ƙari ne daga bakina, ba ni da shaida a kai, ina neman gafararsa da ta iyalinsa. Ban taɓa rubutu mai wuya kamar wannan ba, layi shida amma sai da na yi awa guda. Washegari Kawu da Alhaji suka taka har gidan mahaifin yarinyar suka yi masa bayani da bakinsu.

Ƙarshen wata ya cika alkawari, 50,000 suka shigo. An ɗaura aurensu bayan babbar Sallah ta shekarar, har amarya ta aiko mini da kati da cingam da alawa. Ban je ba, kunya ba ta bar ni ba, amma na aika mata da turmin atamfa. Sai dai kada in yi muku ƙarya in ce komai ya koma daidai. Rubutun farko ya shiga zaurukan da ban san adadinsu ba, na biyun kuwa 'yan kaɗan ne suka yaɗa shi, don mutane sun fi son labarin ɓarawo a kan labarin sulhu. Wata uku bayan nan sai da wata ta sake turo mini hoton nasa tana cewa in yi hattara da wannan mutumin, ba ta ma san daga hannuna ya fita ba. Har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah.

To ƙannena, ga abin da na koya da kuɗina da hawayena, ku ku karɓa kyauta.

Kada ki tura kuɗin waya ba ki riƙe ta a hannu ba. Hoto ba ya nuna tsatsa. Ku haɗu da rana a cikin kasuwa, a rumfar mai gyaran da kika yarda da shi, kuma ki tafi da yayanki ko wani babba. Kada ki kuskura ki bi wani gida ko lungu wai za a nuna miki kaya, wannan ya wuce maganar kuɗi. Wanda ya ƙi yarda a duba wayarsa ya riga ya ba ki amsa.

In kin karɓa ki danna *#06# ki gwada lambar da ta jikin kwali. Ki sa layinki ki yi kira, ki gwada kyamara da sifika, ki jona caji ki ga yana hawa, ki riƙe ta ɗan lokaci ki ji ko tana zafi. Ki tabbata mai ita ya cire asusunsa na Google ko na iCloud a gabanki, in ba haka ba wata rana za ta kulle ta bar ki da kwalba a hannu. Ki sa ya rubuta miki rasit da sunansa da lambarsa da lambar IMEI ɗin, domin in ta sata ce aka biyo sawu, wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa.

Ki adana duk maganar da kuka yi. In kin ga alamar agogon nan a hirarku ki ce ya kashe, ko ki riƙa ɗaukar hoton hirar, saƙon murya kuma ki tura wa wata. Ki duba sunan asusun da za ki tura wa kuɗi ya dace da sunan da ya faɗa miki. Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, asusun banki kuma yana da BVN, don haka mai cuta ba ya ɓacewa kamar yadda yake zato, in dai kin riƙe shaidarki.

In kuma abin ya riga ya faru, ki fara da gida. Faɗan uwa na yini ɗaya ne. Daga nan a nemi maigidansa ko shugabannin kasuwarsu. In ya ƙi, ga Hisbah tana sulhu, ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya wato FCCPC, ga kotu. Duk waɗannan shaida za su tambaye ki, ba yawan waɗanda suka taya ki zagi ba. In har ya zama dole ki gargaɗi 'yan uwa, ki faɗi abin da ya faru da ke kaɗai, daidai yadda ya faru, ki bar gishiri a kicin.

Na san za ku tambaya, to ina labarin waya? Yaya ne ya raka ni Farm Centre, mai gyaran nan ya zaɓa mini wata ta hannu, ba ta kai waccan kyau ba, har da ɗan ƙwarzane a gefe, amma ya buɗe ta a gabana kafin in biya. Da ita nake rubuta muku wannan. Canjin da ya rage na miƙa wa Umma, ta ƙara nata a kai ta saya mini tukwane biyu ta tura ƙarƙashin gado, wai ko ba keke an dai fara.

Allah Ya tsare mu da cuta, Ya kuma tsare mutane daga harshenmu da yatsunmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, inda za mu koma kan labarinmu. Ku gaishe mini da su Umma.

Taku har kullum.